Kwamfutata ta yi nauyi, CPU na kaiwa kashi 100: fomat ne mafita?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka mai Core i5-8250U da RAM 8GB, Windows 10 ce a kanta. Shekara huɗu ke nan ina aiki da ita lafiya lau, amma a wata biyun nan ta yi wani irin nauyi. Da na kunna ta sai fanka ta hau ƙara, ƙasanta ya ɗau zafi, ko burauza kaɗai na buɗe sai kibiya ta riƙa sanƙarewa. Na duba Task Manager na ga CPU yana kaiwa kashi 100. Na saka wata manhajar share shara, ba ta canza komai ba. Wani abokina ya ce in yi mata fomat, wani kuma ya ce furosesar ce ta tsufa, in nemi sabuwa. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, abin da kake son sani shi ne me ke cinye ƙarfin furosesar, wato CPU, ƙwaƙwalwar da ke gudanar da ayyukan kwamfuta, kuma shin sai an goge komai ko an sake kwamfuta kafin a samu sauƙi. Bari in fara da maganar abokinka na biyu, don ita ce mai saurin warwarewa. Furosesa ba ta tsufa irin tsufan batir, wanda kullum ƙarfinsa ke raguwa. Wannan da ka ambata ta fito ne a 2017, tana da cibiyoyin aiki huɗu, kuma gudunta na iya hawa har 3.4 GHz. Gudun da take da shi ranar da aka ƙera ta, shi ne dai take da shi yau, matuƙar tana samun isasshiyar wuta da isasshen sanyi. Abubuwan da ke kewaye da ita ne ke sauyawa: ƙura ta taru, caja ta gaji, manhajoji su yi ta ƙaruwa, kowace da ɗan aikinta da take yi a ɓoye. Kwamfuta mai wannan furosesa da RAM 8GB ba ta da dalilin sanƙarewa a kan burauza kaɗai. Ruwa ba ya tsami banza.

Shi kuwa fomat, ina roƙonka ka ajiye shi tukuna. Na sha karɓar kwamfutocin da aka yi wa fomat sau biyu, sau uku, mai su ya rasa takardunsa da hotunansa, ciwon kuma yana nan jiya i yau, domin tun farko ba a cikin Windows yake ba.

Kashi 100 da ka gani alama ce kawai. Ka ɗauki furosesa tamkar ma'aikaci ɗaya a gaban dogon layin mutane. Idan layin ya ƙi raguwa, ko dai an tara masa aikin da ya fi ƙarfinsa, ko kuwa shi ne aka ɗaure wa hannu ɗaya. Daga nesa duka biyun kama ɗaya suke yi, amma maganinsu daban. Don haka abu biyu za mu nema: wa ke cin ƙarfin, kuma da wane gudu furosesar ke aiki a lokacin.

Kafin ka fara, ka yi mata Restart, ba Shut down ba. Tun daga Windows 8 akwai tsarin da ake kira Fast Startup, wanda ke sa idan ka yi Shut down, Windows ta adana ainihin zuciyarta a faifai ta sake ɗauko ta yadda take idan ka kunna. Duk wani direba (manhajar da ke haɗa Windows da wata na'ura ta kwamfutar) ko aikin cikin gida da ya rikice, da rikicinsa zai dawo. Restart ne ke tayar da komai sabo. Idan kana son ganewa idonka, buɗe Task Manager, tagar da ke nuna ayyukan da kwamfuta ke yi, ka shiga Performance, ka duba Up time. Mutum zai rantse kullum yana kashe kwamfutarsa da dare, ka duba ka ga kwana arba'in.

Wa ke cin ƙarfin

Bayan ta tashi, kada ka buɗe komai. Ka bar ta minti goma a jone da caja, domin a mintunan farko kowace kwamfuta tana yin hidima. Sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare don buɗe Task Manager, ka tsaya a shafin Processes, ka latsa kan kalmar CPU don mai cin mafi yawa ya hau sama. Kada ka yanke hukunci da kallo ɗaya. Ka zuba ido minti biyu ko uku, ka ga sunan da ya ƙi sauka. Kwamfutar da ke zaune ba a aiki da ita, kamata ya yi ta sauko ƙasa da kashi goma.

Sunayen da na fi cin karo da su ba su da yawa. Idan Windows Modules Installer Worker ne, Windows ce ke shigar da sabuntawa. Wannan ba ciwo ba ne, ka bar ta a kunne ta gama, ko da zai ɗauki awa ɗaya ko biyu. Kuskuren da mutane ke yi shi ne su ji fanka na ƙara su rufe murfin, gobe aikin ya sake farawa, jibi ma haka, sai a yi makonni ana abu ɗaya. Idan kuwa kwana da kwanaki yana nan, ka shiga Windows Update ka duba ko akwai sabuntawar da ke ta faɗuwa tana sake gwadawa.

Idan Antimalware Service Executable ne, wannan Microsoft Defender ne, mai gadin da ke zuwa tare da Windows. Hawansa na ɗan lokaci ba laifi. Amma idan ya zauna daram, tambaya ta farko ita ce ko akwai wani maganin bairos na biyu a kwamfutar, ko ragowar wanda aka cire rabi da rabi. Masu gadi biyu a ƙofa ɗaya, kowa binciken ɗan'uwansa yake yi. Ka zaɓi ɗaya. A ganina, ga mai aikin yau da kullum, Defender ya wadatar.

Akwai kuma Microsoft Windows Search Indexer, mai jera fayiloli don sauƙin nema, wanda kan tashi haiƙan idan ka zuba sababbin fayiloli masu yawa, ya kuma kwanta da kansa idan ya gama. Akwai manhajojin ajiya a intanet irin OneDrive da Google Drive, waɗanda kan maƙale a kan fayil ɗaya su yi ta juyi. Idan ka ga Service Host, wannan jaka ce, ka latsa 'yar kibiyar da ke gefensa ka ga wane aiki ne a ciki.

To amma tunda ka ambaci burauza, zan fi tsayawa a kanta. Chrome da Edge kowace tana da nata Task Manager na cikin gida. Kana cikin burauzar ka danna Shift da Esc, za ka ga kowane shafi da kowace ƙaramar manhajar da aka maƙala mata, da abin da take ci. Sau da yawa shafi ɗaya ne tak, mai tallace-tallace masu motsi, ko wata 'yar manhajar saukar da bidiyo da aka maƙala aka manta da ita. Ka kashe ƙananan manhajojin duka, ka riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka shiga saitunan burauzar, sashen System, ka tabbatar zaɓin amfani da ƙarfin katin hoto a kunne yake. Idan a kashe yake, furosesa ce ke ɗaukar nauyin buɗe bidiyo ita kaɗai. Wani abu da ya shafe ka kai tsaye: YouTube na aiko da wasu bidiyoyi a tsarin AV1, kuma furosesocin Intel na kwamfutar hannu ba su samu sashe na musamman mai buɗe AV1 ba sai a zubi na 11. Taka zubi na 8 ce. Idan irin wannan bidiyo ya zo mata da hoto mai girma, da ƙarfin tuwo za ta buɗe shi. Ka sauke shi zuwa 720p ka ga yadda lambar za ta faɗo.

Manhajar share sharar nan da ka saka, ka cire ta. Share fayilolin wucin gadi fili yake ƙarawa a faifai, ba ya rage wa furosesa aiki, kuma da yawa daga irin waɗannan manhajoji zama suke a bayan fage suna ƙara nauyin da suka ce za su rage. Daga nan ka shiga shafin Startup na Task Manager ka kashe duk abin da ba ka bukatar ya tashi tare da kwamfutar.

Gudu da zafi

Nan ne na fi zargi a lamarinka, saboda abu uku da ka faɗa: shekara huɗu, ƙarar fanka, da zafin ƙasa. Ka koma shafin Performance, ka zaɓi CPU. Za ka ga Speed, wato gudun da take yi a yanzu, da Base speed, gudunta na asali. Ka ba ta aiki, misali ka kunna bidiyo ka buɗe shafuka da dama, ka sa ido a kan Speed. Lafiyayyar kwamfuta irin taka za ta hau sama da 3 GHz na ɗan lokaci, sannan ta ɗan sauko ta daidaita, domin an tsara ta ne a kan wat 15. Wadda zafi ya dama za ta hau na 'yan daƙiƙoƙi, ta zube, ta yi ta lilo a ƙasa.

Dalilin kuwa shi ne furosesa tana kare kanta. Yawancin na Intel irin taka iyakarsu digiri 100 a ma'aunin Celsius, da sun kusanci wurin sai su rage gudu da kansu don kada su ƙone. Aikin da za ta gama a daƙiƙa ɗaya sai ya koma biyu ko uku, layi ya yi tsawo, lamba ta manne a sama. Don ka tabbatar, ka sauke manhajar auna zafi, HWiNFO ko Core Temp, daga shafinsu na ainihi. Idan kwamfutar na zaune ba aiki amma tana digiri 70 ko fiye, ko kuma da ka taɓa ta sai ta haura 95, to ka kama bakin zaren.

Akwai wata da aka taɓa kawo mini, mai ita ya riga ya fid da rai. Na kunna ta, na kai bayan hannuna bakin ramin da iska ke fita. Fanka na ta kururuwa, amma iskar da ke taɓa fatata ko takarda ba za ta motsa ba. Na kwance murfin ƙasa, na ɗaga fankar, sai ga ƙura da zaren tufafi sun dunƙule sun zama kamar guntun bargo a tsakanin fankar da haƙoran ƙarfen sanyaya. Da ɗan hantsaki na janyo shi, ya fito ɗungurungum, tsawon ɗan yatsa. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen kuwa ya bushe ya tsattsage kamar busasshen laka. Na goge shi da barasar goge na'ura, na ɗiga sabo kamar ƙwayar gero biyu, na mayar. Ban taɓa komai a cikin Windows ba, kwamfutar ta dawo hayyacinta.

Kai ma ka yi wannan gwajin na bayan hannu. Idan za ka buɗe ta da kanka, ka kashe ta, ka zare caja, ka cire jonin batir kafin ka taɓa komai. Idan za ka hura iska, ka dafe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa da ƙarfi. Idan ba ka taɓa kwance kwamfuta ba, ka kai wa mai gyara, ka ce masa a share fanka a sauya man furosesa, ka kuma gaya masa a fili ba fomat ka kawo ba. In kuwa ka lura murfin ƙasa ya kumbura ko wurin da ake jan kibiya da yatsa ya tasa, batir ne ya kumbura, ka daina caja ta har a sauya shi. Wannan ba abin jinkiri ba ne. Sannan ka daina ɗora ta a kan katifa ko matashi, domin yawancinsu ta ƙasa suke shan iska.

Akwai wani nau'in ɗaurewar da ba na zafi ba. Idan ka ga Speed ya kafe a 0.79 ko 0.39 GHz, ko me ka ba ta ba ya motsi, alhali kwamfutar ba ta da zafi, to allon uwa, wato babban allon da sassan kwamfutar ke jone a kansa, shi ne ke aika wa furosesa umarnin ta ja birki. Abin da ya fi jawo haka shi ne caja mai ƙarancin wat, ko wadda kwamfutar ba ta gane ta ba, ko batir da ya mutu, wani lokaci kuma na'urar auna zafi ce ta lalace. A Windows 10, idan haka ta faru, lambar kason takan ƙi kaiwa 100 ma, sai ta tsaya a wani rufi ƙasa da rabi, layin ya miƙe sambal, kwamfutar kuma tana jan ciki. Gwajin mai sauƙi ne: zare caja ka ga ko gudun zai tashi, sannan ka ari caja ta ainihi mai wat daidai da abin da aka rubuta a ƙasan kwamfutar. Na ga kwamfutar da aka kusa sauya wa allon uwa, ashe caja ce. Ka kuma duba saitin wuta, domin yanayin tattalin batir da gangan yake rage gudu.

Idan ɓarawo ne a ciki

Akwai bairos da aikinsu kawai satar ƙarfin furosesa, su haƙo kuɗin kirifto irin Monero su aika wa mai su. Hanyar shigarsu da na fi gani ita ce manhajojin da aka fasa, da 'yan kayan "kunna" Windows ko Office na bogi. Alamarsu ita ce fanka na ƙara alhali ba ka yin komai, amma da ka buɗe Task Manager sai komai ya lafa, domin wasunsu an koya musu su kwanta idan ana kallo. Ka dai lura, buɗe Task Manager shi kansa yakan sa lamba ta yi tsalle na daƙiƙa ɗaya ta sauko, wannan ba komai ba ne. Kunnenka ne shaida a nan: shin fankar na yin shiru duk lokacin da ka buɗe shi, ta sake tashi bayan ka rufe?

Idan ka ga sunan da ba ka sani ba, ka latsa shi da maɓallin dama ka zaɓi Open file location. Fayilolin Windows na gaskiya irin svchost.exe a System32 suke zaune. Mai suna irin nasu da ke zaune a AppData ko Temp abin tuhuma ne. Ka shiga Windows Security ka gudanar da Microsoft Defender Offline scan, wanda ke sake kunna kwamfutar ya yi bincike kafin Windows ta gama tashi, lokacin da ɓarawon bai samu damar ɓuya ba. Ka tuna baya da kyau: me ka saka wata biyu da suka wuce? Wannan tambaya kaɗai ta warware mini matsaloli da dama.

Tun da kana Task Manager, ka waiwayi layukan Memory da Disk. Idan RAM ta cika, Windows na matse bayanai tana kwashe wasu zuwa faifai, matsewar kuma furosesa ce ke yin ta. Idan Disk ne ke zama a kashi 100, kuma faifanka tsohon HDD ne mai juyawa, to sauya shi da SSD, faifan da ba ya juyawa, shi ne gyaran da zai fi canza maka rayuwar kwamfutar. HDD na kwamfutar hannu yakan karanta wajen 100 MB a daƙiƙa, SSD mafi sauƙi kuwa wajen 500, kuma a ƙananan fayiloli tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba.

Idan babu sunan da ya fito fili

Wani lokaci lissafin ba ya haɗuwa, ko kuma ka ga System interrupts a sama. Wannan ba manhaja ba ce, ba a iya kashe shi. Ƙwanƙwasa ƙofar da na'urorin cikin kwamfuta ke yi wa furosesa ne, kuma lafiyarsa bai wuce kashi ɗaya ko biyu ba. Idan ya zauna a goma ko ashirin, wani direba ne ya lalace ko wata na'ura ke ciwo. Ka zare duk abin da ke jone ta USB, ka kashe Wi-Fi da Bluetooth ɗaya bayan ɗaya kana kallon lambar, sannan ka ɗauko direbobi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ba daga manhajojin da ke cewa za su sabunta maka direbobi duka a latsawa ɗaya ba.

Don raba gardama, ka tayar da ita a Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da abubuwan da suka zama dole kaɗai: riƙe Shift ka latsa Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings. Idan a can ta yi sakayau, laifin na wata manhaja ne ko direba. Sai ka rubuta msconfig a wurin nema na Windows ka buɗe shi, a shafin Services ka ɓoye na Microsoft, ka kashe sauran, ka riƙa kunna rabi rabi har mai laifin ya bayyana. Aiki ne mai cin lokaci, amma yana kai mutum ga amsa. Idan a Safe Mode ma tana zafi tana jan ciki, koma kan fanka da caja. Kana iya kuma buɗe Command Prompt a matsayin mai iko (Run as administrator) ka rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, bayan ya gama ka bi shi da sfc /scannow, don gyara fayilolin Windows da suka lalace.

Fomat yana da wurinsa. Idan an tabbatar bairos ya shiga, ni kaina na fi natsuwa da goge komai a sa Windows sabuwa daga shafin Microsoft, bayan an kwashe fayiloli, sannan a sauya kalmomin sirri. Haka idan zafi lafiya, gudu lafiya, Safe Mode lafiya, amma an rasa mai laifin. Idan har ta kai ga haka, ka san cewa Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma furosesarka tana cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su, don haka in za a sa sabuwa, gara a sa 11.

Ban riƙe kwamfutarka a hannu ba, ɗan'uwa, don haka zargina na ƙura da bushewar man furosesa zargi ne kawai, bisa abin da ka bayyana. Matsalar allon uwa kuwa, irin ta sashen rarraba wuta, ba a gane ta daga nesa, sai an buɗe an auna. Ka fara kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani faifai tun yau, kafin ka taɓa komai. Sannan ka rubuta sunan da ke zama a saman Processes bayan minti goma, da abin da Speed ke nunawa lokacin da take nauyi, da zafin da HWiNFO ya nuna a zaune da kuma a kan aiki. Idan ka aiko mini da waɗannan ukun, zan iya gaya maka ko mai gyara za ka nufa ko a gida za ka gama da ita.